Jirgin Masu Furfura a Kogin Danube

A birnin Passau, can kudu maso gabashin Jamus dab da iyakar Ostiriya, koguna uku ne suke haɗuwa a bakin wani tsinin ƙasa mai kama da hancin kwale-kwale. Inn yana gangarowa daga duwatsun Alps da ruwa kore-kore, Ilz yana fitowa daga dazukan arewa baƙi kamar shayin da ya daɗe a kan wuta, Danube yana tsakaninsu, kuma sukan ɗan yi nisa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa riƙe da launinsa, kafin su gauraye. A jikin bangon zauren majalisar birnin an ja layuka, kowane layi da shekarar da ambaliya ta kai wurin. Na 2013 yana can sama inda sai an ɗaga kai, na 1501 ne kaɗai ya ɗara shi. Daga wannan gaɓa jiragen yawon shaƙatawa suke tashi zuwa Budapest, tafiyar kusan kilomita 580. Dogaye ne sirara, tsawonsu mita 135, faɗinsu bai cika mita 12 ba, domin daidai ƙofofin mashigin da aka kammala a 1992 aka yanka su, mashigin da ya haɗa Danube da kogunan Main da Rhine. Kowanne yakan ɗauki mutum 150 zuwa 190. Wanda ya tsaya a gaɓa yana kallon masu hawa, furfura zai fara gani, sai sandar dogarawa, sai takalman roba masu taushi, sai miji da mata suna gardamar wa ya riƙe fasfo. Kamfanin Viking, wanda yake cikin manyan masu wannan harka, ba ya ma ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba.

Idan aka tambayi kamfanonin abin da ke kawo tsofaffi kogi, amsarsu a shirye take: sau ɗaya za ka kwance akwati, ba igiyar ruwa balle jiri, kuma jirgin yana tsayawa a tsakiyar gari, tun da garuruwan Turai na dā kogi suka fuskanta aka gina su. Duk gaskiya ne. Amma a ganina abin da ake biya wa dubban Yuro ya wuce nan. Ana sayen abin da ritaya ta ƙwace ne, wato yinin da wani ya tsara maka da teburin da ake jiranka a kai. Jirgin yana ba da su cikakku, sai dai aro ne na mako guda, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya fi kusa da maye gurbinsu bayan an koma gida abu ne da jirgin ya hana fasinja taɓawa tun daga hawa har sauka: tukunya.

Kada a manta, doguwar ritaya baƙuwa ce ko a Turai. A 1889 ne shugaban gwamnati Bismarck ya kafa dokar fanshon ma'aikata a Jamus, ya sa shekarar karɓa 70, a zamanin da ma'aikacin masana'anta sai mai rabo ne yake kai wa can. A 1916 aka sauko da ita 65, yanzu kuma ana ɗaga ta sannu a hankali zuwa 67. A Faransa an ga yadda tituna suka cika a 2023 da aka ce za a matsar da ita daga 62 zuwa 64. Bajamushen da ya cika 65 a yau, bisa lissafi, yana da kusan shekara 18 a gaba, mace kuwa sama da 20. Shekaru ne da suka isa a haifi yaro har ya gama sakandare, kuma ba wanda ya gaji iyayensa a kan yadda ake cinye su, domin kakanninsu daga bakin aiki sai gadon jinya.

Yinin jirgin yana farawa ne tun daren jiya. Fasinja yana dawowa daga cin abinci zai tarar da takarda a kan gadonsa, an rubuta ƙarfe nawa karin kumallo, ƙarfe nawa za a sauka, ƙarfe nawa lallai kowa ya dawo. Da safe a rataya masa 'yar na'ura a wuya da abin sauraro a kunne, ya bi ɗan jagora mai ɗaga allo. Da rana abinci, da la'asar kofi da kek, da yamma mai tsara shirye-shirye ya yi bayanin gobe, ƙarfe bakwai kowa ya zauna. Galibi ba a raba kujeru, duk inda ka samu nan ne naka, don haka yau kana tare da tsohuwar malamar makaranta daga Kanada, gobe da tsohon injiniya daga Ingila, kuma da wuya a gama shan miya ba a tambayi kowa aikin da yake yi a dā ba. Tsakanin Passau da Budapest jirgin yana ratsa ƙofofin ruwa 11, ta farko a Jochenstein. Yakan shiga wani dogon akwatin kankare, ƙofa ta rufe a bayansa, ruwa ya fara zurarewa, sai mai ɗakin ƙasa ya ga jiƙaƙƙen bango mai gansakuka yana hawa ta tagarsa har haske ya dushe, can kuma ƙofar gaba ta buɗe. Tsofaffin maza sukan jeru a rufin jirgi suna kallon wannan aiki kamar da su ake yi. A gaɓa kuma akwai alluna masu lambar kilomita, kuma Danube ya saɓa wa yawancin koguna, daga bakinsa a Bahar Aswad ake ƙirga shi. Saboda haka mai gangarawa lambobi raguwa suke yi masa, daga wajen 2,226 a Passau zuwa wajen 1,647 a Budapest. Ɗan shekara saba'in ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Kwarin Wachau, kilomita 36 tsakanin Melk da Krems, shi ne wurin da kowa yake fitowa da kyamara. Babu madatsa a cikinsa, ruwan yana gudu da ƙarfin kansa. A bakin shiga akwai gidan ibadar Melk mai launin ruwan ƙwai a kan dutse, inda sufayen Kirista suke zaune tun 1089, can gaba kuma kufan ganuwar Dürnstein inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192. UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Amma abin da mutanen wurin suke tunƙaho da shi a baki wani ɗan itace ne da suke kira marille, mai launin ɗorawa, bai kai lemo girma ba, da ƙwallo guda a ciki. Yana fure a farkon bazararsu, ya nuna a watan Yuli, kuma idan ya nuna ba ya jira. A gidajen Wachau lokacin nan aiki ne ja: a tsinko, a ware, a dafa wani da sukari a ɗura a kwalabe saboda hunturu, wani kuma a yi masa riga. A tsaga shi kaɗan a zare ƙwallon, a cusa ƙwayar sukari a gurbinsa, a lulluɓe shi da kwaɓin cuku mai laushi ko na dankalin Turawa, a mulmula kamar fura, a jefa a ruwan zafi har ya taso, sannan a birgima shi cikin garin burodi da aka soya da man shanu. A jirgi wannan duka yakan iso ne a farin faranti, mai sabis ya ajiye ya ja da baya. Sau ɗaya a tafiyar, a jirage da yawa, kuku yakan fito da tebur falo ya nuna yadda ake jan kwaɓin kek ɗin da ake kira strudel, ana miƙar da shi da bayan hannu har ya yi sirantar da za a iya karanta jarida ta cikinsa. Abin lura shi ne yadda fasinjoji suke rububin kewaye teburin, wasu har da naɗe hannun riga. Mutanen da aka biya wa kowace bukata ne, amma hannuwansu ƙaiƙayi suke yi.

Biyana, babban birnin Ostiriya, tana cinye yini guda, fadoji da gidajen kiɗa da gidajen kofi inda mutum zai sayi kofi ɗaya ya zauna da jarida har azahar ba mai ce masa tashi. Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu yana gaba kaɗan, kuma jirgi yakan wuce shi ba wanda ya waiwaya. Bayan Biyana wani ƙaramin kogi mai suna Fischa yana zubowa cikin Danube, kuma a gefensa, can ciki, akwai ƙauyen Marienthal. Masaƙa ce ta haifi ƙauyen, ta ciyar da shi shekara da shekaru, ta rufe a tsakanin 1929 da 1930, sai kusan gida uku cikin huɗu suka wayi gari ba mai aiki ko ɗaya. A ƙarshen 1931 wasu matasan masana daga Biyana, cikinsu har da Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, suka shiga ƙauyen don su ga abin da rashin aiki yake yi wa mutane, suka fitar da littafinsu a 1933. Sun zaci za su tarar da fushi, sai suka tarar da mutuwar jiki. Lambun shaƙatawa na ƙauyen ya koma ciyawa alhali kowa yana da lokacin gyara shi. Aron littafi a laburare ya faɗi duk da an cire kuɗin aro. Sun laɓe a taga da agogo suna auna tafiyar mutane a kan titi, suka ga maza suna jan ƙafa, su tsaya, su sake tsayawa, ba inda za su. Da aka ba su takarda su rubuta yadda suka yi yininsu, tsakanin tashi da abincin rana da kwanciya kusan ba abin da suke iya tunawa. Matan fa? Su tafiyarsu ba ta canza ba. Akwai wuta da za a hura, akwai ɗan abin da za a juya ya ishi baki biyar, akwai ɗinkin ɗumke. Talauci ɗaya, gida ɗaya, amma yinin mace yana da gaɓoɓi, na namiji ya narke.

Jahoda ta tsere wa 'yan kama-karya zuwa Ingila, ta ci gaba da nazarin wannan batu har tsufanta, kuma a littafinta na 1982 ta ce ban da albashi, aiki yana ba mutum abubuwa biyar a ɓoye: tsarin lokaci, cuɗanya da waɗanda ba 'yan gida ba, sa hannu cikin abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, matsayin da ake kiransa da shi, da motsi na dole kullum. A ɗora wannan ma'auni a kan jirgin masu furfura. Takardar kan gado ta ba da tsarin lokaci, teburin dare ya ba da cuɗanya, bin ɗan jagora ya ba da motsi, tambayar aikin dā ta ɗan dawo da matsayi. Na ukun ne babu. Ba abin da zai lalace a jirgin nan don fasinja bai tashi ba. Ma'aikatan, da yawansu 'yan Romaniya da Bulgeriya da Sabiya da Filifin, su ne jirgin yake bukata, kuma ana ganin bambancin a tafiyarsu. Za a iya cewa ai mai ritaya ba marar aiki ba ne: shi da guminsa ya sayi hutunsa, ana girmama shi, fansho yana shigowa, ba kunyar da ke hana shi fita. Haka ne, kuma shi ya sa yawancin masu ritaya a Turai ba sa durƙushewa irin na mazan Marienthal. Amma darajar wancan bincike ita ce ya raba yunwar ciki da narkewar lokaci, ya nuna ta biyun tana da nata ciwon. Fansho yana maganin ta farko. Safiyar Talata da ba ta da bambanci da ta Lahadi kuwa, kuɗi bai san da ita ba.

Wani masanin tsufa Ba'amurke, Robert Atchley, ya bayyana a 1976 cewa ritaya takan zo da matakai. Da farko akwai zumuɗi irin na amarci, lokacin tafiye-tafiye da biyan tsofaffin buri, sannan ga wasu sai gwiwa ta yi sanyi, kafin a sake lalubo hanya a zauna daram. Jirgin kogi kasuwar matakin farko ce. Na biyun a gida ake yin sa, kuma gidan sau da yawa shiru ne: a Jamus kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura 65 shi kaɗai yake zaune. A nan ne girki yake fara mutuwa. Wadda ta yi shekara arba'in tana dafa wa mutum biyar, yara sun watse, miji ya rasu, sai ta ga ɗora tukunya saboda ciki ɗaya bai cancanci wahalar ba. Wanda matarsa ta rasu kuma bai san inda gishiri yake ba. Likitoci a Ingila har suna suka sa wa abin da ke biyo baya, ciwon shayi da burodi, wato tsohon da ya koma rayuwa a kan waɗannan biyun har jikinsa ya rame, gishirin jininsa ya yi ƙasa. A 2018 gwamnatin ƙasar ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici. Hatta jirgin ma bai yafe wa gwauro ba, domin farashin ɗaki na mutum biyu ne, mai tafiya shi kaɗai sai ya biya ƙari.

Bayan Bratislava jirgin yana faɗawa ƙofar Gabčíkovo, mafi zurfi a tafiyar, ya sauka kusan mita 20 a tashi ɗaya, ya wuce babbar majami'ar Esztergom, ya sha kwanar da kogin yake juyawa kudu, ya shiga Budapest. Idan ruwa ya yarda ke nan. A kakar 2018 fari ya janye Danube har jirage da yawa suka kasa isowa, aka riƙa kwasar fasinjoji a bas, kuma a gindin tudun Gellért wani dutse da sai a shekarar fari yake fitowa ya bayyana. Mutanen birnin suna kiransa Dutsen Yunwa.

A ɓangaren birnin da ake kira Pest, kusa da gada, akwai babbar kasuwar rufi da aka buɗe a 1897, ginin ƙarfe da jan bulo mai kama da tashar jirgin ƙasa. A nan ne nake ganin tafiyar take biyan kuɗinta, in za ta biya. A saman bene kayan tsaraba ne na baƙi, amma a ƙasa har yanzu matan birnin suna zuwa cefane da kwando, kuma jan barkono yana rataye jere-jere kamar carbi. Paprika suke ce masa, dangin tattasai ne da ake shanyawa a niƙe, akwai mai zaƙi akwai mai yaji. A zamanin Turkawan Usmaniyya, waɗanda suka riƙe Buda, ɗaya ɓangaren birnin, daga 1541 zuwa 1686, ya shigo Hangari, ya daɗe yana abincin talaka kafin ya hau teburin manya, kuma daga jikinsa ne Albert Szent-Györgyi ya tace sinadarin bitamin C mai yawa a Szeged, aikin da yake cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 1937. Shi ne ruhin gulyás. Kalmar ma'anarta makiyayin shanu, domin abincin masu kiwo ne a filayen Hangari, masu kora shanu masu dogayen ƙaho zuwa kasuwannin Biyana da Nuremberg, suna dafa shi a tukunyar ƙarfe da aka rataya a kan wuta. A ƙasarsa romo ne mai ruwa, ɗan'uwan farfesu, ba miya mai kauri da ake sayarwa da sunansa a waje ba. Albasa ake farawa da ita, da yawa, a yanka ƙanana, a bar ta cikin kitse a wuta marar ƙarfi har ta yi laushi ta yi sheƙi. Su da kitsen alade suka saba, amma kitsen sa ko man gyaɗa yana yi sarai. Daga nan sai wurin da ake gane gwani: a sauke tukunyar daga wuta kafin a zuba paprika, a juya da sauri, a bi da nama da ɗan ruwa, domin akwai sukari a jikinsa, in ya taɓa mai mai zafi ya daɗe ko kaɗan sai ya ƙone ya yi ɗaci, kuma ba abin da zai gyara tukunyar. Naman ƙauri ake so, mai jijiya, wanda sai ya yi awa biyu ko fiye yana ɓararraka a hankali. Can a zuba karas da dankali, a ƙarshe a riƙa tsinko ɗan kwaɓin fulawa da ƙwai da yatsu ana jefawa.

A duba abin da wannan tukunya ɗaya take nema daga mai ita. Sai ya yanke shawara tun jiya. Sai ya fita cefane, ya yi magana da mahauci, kuma in ya yi zuwa uku mahaucin ya san shi, ya fara ajiye masa ƙauri. Sai ya tsaya a kanta rabin yini, kuma in ya yi sakaci ta ɓaci, wato ga abin da zai lalace don bai tashi ba. Sannan ba ta dafuwa don mutum ɗaya. Gulyás na kwano guda ƙonewa yake yi kafin naman ya nuna, dole a yi da yawa, kuma wanda ya yi da yawa dole ya nemi mai ci, ko maƙwabci, ko jika, ko wancan abokin aikin da shi ma yake zaune shiru. Haka miyar kifi ta garin Baja da ke can ƙasan kogin take, haka dafaffen naman sa na Biyana da ake cewa Sarkin Ostiriya Franz Joseph yana so. Abincin gaɓar Danube kusan duk na babbar tukunya ne. Abubuwa biyar na Jahoda suna nan ciki, ƙanana dai, amma kullum, kuma da kuɗin albasa.

Suka mafi ƙarfi daga mata za ta zo, kuma da hujjarsu. Matar da ta yi aikin ofis ta kuma yi na murhu shekara arba'in, wannan mako na jirgi shi ne karon farko da wani ya ajiye mata faranti ya kuma ɗauke. A ce mata maganin ritayarta ta koma kicin, ai an yi mata ba'a. Marienthal ma ta goyi bayanta, domin matan can da yininsu yake cike, da aka tambaye su sun ce da masaƙa za ta buɗe da gudu za su koma, ko da aikin zai ninka, saboda zama tsakanin bango huɗu ya ishe su. Wannan ya nuna iyakar maganata: girkin da ake yi a kaɗaice, bisa tilas, ba mai godiya, bauta ce. Wanda nake nufi shi ne mai kasuwa a gabansa da masu ci a bayansa, kuma wanda ya fi bukatarsa shi ne wanda bai taɓa yi ba. Shigar maigida kicin ma ba ta rasa rigima. Jamusawa suna da fim na barkwanci da ɗan wasa Loriot ya yi a 1991, Pappa ante Portas, labarin wani daraktan sayayya da aka sallama ritaya ba shiri, ya dawo gida zai gyara wa matarsa tsarin cefane, ya sayo kwalaben mustad lodi guda saboda an yi masa ragi. Dariyar fim ɗin tana kan mutumin da ya shigo kicin a matsayin darakta. Wanda ya shigo a matsayin almajiri, ya karɓi kwana biyu a mako, ya yarda ya ƙona paprika sau ɗaya ko biyu, ya samu sana'a, matarsa kuma ta samu hutun da ya wuce mako guda.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa wannan damuwar masu ƙoshi ce. A Najeriya ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, kuma abin da ke gabansa layin tantancewa ne da jiran garatuti, ba zaɓi tsakanin Danube da Rhine ba. Ban musa ba. Zan ma ƙara da cewa tsohon Bahaushe ya gaji abin da Bature yake saye da Yuro: salla biyar ta yanka masa yini, majalisar ƙofar gida tana jiransa, ga suna ga ɗaurin aure ga jana'iza, ga ciyayya inda kowa yake fito da kwanonsa a haɗa hannu. Amma wanda ya san sababbin unguwannin manyan garuruwanmu ya san tsohon babban ma'aikaci a bayan dogon get, 'ya'ya suna Abuja ko waje, waya ta daina ƙara tun watan da ya miƙa makullin ofis. In kuma aka ce namiji da murhu abin kunya ne, sai a tuna mai shayi da mai tsire da kukun gidan abinci duk maza ne. Da alama kyauta ce kunyar take hana su, ba wutar ba.

Saura tambayar da ta fi sauƙi: in tukunya ce maganin, me ya kai mutum Passau? Lambu ma yana yi, aikin sa kai yana yi, renon jikoki yana yi, kuma akwai ranar da hannu zai fara rawa, ido ya dushe, tukunyar ta zama haɗari, a koma jiran masu kawo abinci gida a mota, tsarin da Ingila ta fara tun Yaƙin Duniya na Biyu. Fifikon girki shi ne yunwa ba ta ritaya. Lambu yana barci da hunturu, jikoki suna girma, ita kuwa sau uku take ƙwanƙwasa ƙofa kullum. Tafiyar kuma aikinta ta farfaɗo da marmari. Wanda ya yi shekara talatin yana cin abinci a tsaye tsakanin taro da taro, sai an zaunar da shi mako guda a abin da ba ya sauri, yana kallon gonakin da abincin yake fitowa suna wucewa ta taga, kafin ya tuna cewa ci ma abu ne da ake ba lokaci. Sai dai ya danganta da inda ya sa ƙafa in an sauka: akwai mai bin allon ɗan jagora daga majami'a zuwa majami'a har su cakuɗe masa, akwai mai zamewa awa guda ya tsaya kusa da wata tsohuwa a rumfar mahauci ya ga wane yanki take nunawa da yatsa.

Safiyar ƙarshe a Budapest, akwatuna suna jere a bakin ƙofofin ɗakuna tun da sassafe, kowanne da ƙyalle mai launin motar da za ta kai mai shi filin jirgin sama. Ana musayar adireshi, ana alkawarin ziyara. Kafin azahar ma'aikata sun yaye zanen gado, sun goge tagogi, sun ɗora sababbin takardu a kan matasai saboda masu hawa da la'asar, waɗanda za su yi tafiyar a juye, lambobin gaɓa suna ƙaruwa. A cikin akwatunan masu tafiya da wuya a rasa ɗan gwangwani ko jakar ƙyalle ta paprika daga kasuwar nan. Niƙaƙƙen paprika ba ya son haske, ba ya son zafi, ba ya kuma son ajiya. In ya shekara a kan kanta ba a buɗe shi ba, jan yakan koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya tafi.